Ƙafar Maniru da Ƙahon Kawunsa

A wani ƙauye kusa da Lambara, cikin ƙasar Shagari, akwai wani manomin albasa da ake kira Maniru. Shekarunsa sun doshi arba'in, amma wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka saurayi ne da bai gama cika ba. Siriri ne, mai dogayen hannuwa, farin idonsa ya ɗan yi rawaya, kuma idan yana tafiya yana jan ƙafar hagu. Da amosanin jini aka haife shi, ciwon da yanzu kowa ke kira sikila.

Mahaifiyarsa, wadda duk gari ke kira Inna, ta haifi 'ya'ya shida. Ciwon ya ɗauke uku tun ba su yi wayo ba. Waɗanda suka rage su ne Maniru, da ƙanwarsa Rahamatu da ke aure a Sifawa, da autansu Nuhu. Su biyun lafiyarsu lau. Maniru ne kaɗai ya tashi da ciwon a jikinsa kuma ya rayu. Bai yi aure ba. Sau biyu ana fara magana, sau biyu tana mutuwa a zaure, ba tare da an faɗi dalili ba. Bayan rasuwar iyayensa ya zauna a ɗakin da ke jikin zauren gidansu, Nuhu da iyalinsa suna ciki, ana miƙo masa tuwonsa safe da yamma.

Duk wanda ya san Maniru ya san Kawu Tasi'u, ƙanen Inna. Wanzami ne, ɗan gado, yana aski yana ƙaho, ranar kasuwa kuma yana da wurin zamansa a gindin wata dogonyaro a Shagari. Tun Maniru yana ƙarami, idan ciwo ya taso masa cikin ƙashi har yana birgima yana cizon tabarma, Kawu ake kira. Ya zo da zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aiki, ya goya yaron ya zaga da shi tsakar gida har kukan ya lafa. Daga nan ya kwantar da shi, ya yi 'yan tsage ƙanana a inda ke ciwo, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iska ya toshe. Idan ya cire, sai ya juye baƙin jinin da ya daskare a ƙasa ya nuna wa Inna.

"Kin ga abin da ka cin shi," in ji shi. "Mataccen jini na. In ba a hidda shi ba, shi ka kashewa."

Ciwon yakan lafa bayan 'yan kwanaki, kamar yadda yake lafawa ko an yi ƙaho ko ba a yi ba. Amma uku sun tafi, wannan ya tsaya, kuma shi ne wanda Kawu ya fi yi wa ƙaho. A gidan ba a taɓa yin shakkar abin da ya tsayar da shi ba. Kawu kansa bai taɓa yi ba.

Maniru ya gaji 'yar fadamar ubansa. Ya iya rainon irin albasa, har mutane daga Horo Birni suna zuwa neman nasa idan lokacin dashe ya yi. Aikin albasa aikin ruwa ne. Mutum yana tsaye cikin laka tun hantsi, yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan, ruwan sanyi yana bin ƙafarsa. A nan ne, wata shekara, wani busasshen kara ya karce shi a idon sawun hagu. Bai ko duba ba. Karcen ya zama ƙurji, ƙurjin ya buɗe, ya zama gyambo mai faɗin tafin hannun jariri, ya ƙi rufewa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana nan.

Gyambo yana da wari, kuma mai shi ne ya fi kowa sani. A garinsu al'ada ce maza su fito da akushinsu ƙofar gida bayan magariba a ci tare. Babu wanda ya taɓa ce wa Maniru ya tashi. Wata rana dai ya ga wani dattijo ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci, a hankali, kamar mai gyara shi. Washegari ya ce kansa na ciwo, ya ci nasa a ɗaki. Bai sake fitowa ba. A masallaci ma ya koma ƙarshen sahu, wajen ƙofa, inda iska ke wucewa, ana sallamewa ya zame. Mutane suna gaishe shi da kyau, suna yi masa sannu daga tsaye.

Kawu Tasi'u kaɗai ke zama. Kusan kullum bayan la'asar sai a ji sallamarsa. Ya jingine zabira, ya zauna a tabarma ɗaya da Maniru har gwiwa na taɓa gwiwa, ya ɓare goro ya ba shi rabi. Wanzami ba ya rasa labari: wanda aka yi wa haihuwa, wanda sansa ya shiga gonar wani, wanda ya zo aski da sanƙo yana neman a yi masa gyaran fuska kamar ango. Yana faɗa yana kwaikwayon muryoyinsu, Maniru yana dariya har yana riƙe haƙarƙari. Ko sau ɗaya bai taɓa ganin Kawu ya kawar da kai don wari ba.

Idan hira ta yi nisa sai ya ce, "Mani, miƙo ƙahwar ga in gani."

Ya kwance tsumman da ke ɗaure da gyambon, ya duba. Duk sanda bakin gyambon ya yi baƙi ya kumbura, sai ya girgiza kai ya jawo zabira. Ya yi tsaga a kewaye, ya kafa ƙaho a sha-raɓa, ya barbaɗa garin magani, ya ɗaure. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe Maniru, ciwo ya sauka a ƙugu da gwiwoyi. Su biyun sun saba da haka. Suna cewa magani ne ke kokawa da cuta.

Wani karo abin ya wuce na kullum. Zazzaɓin ya ƙi sauka, ciwon ya haura ƙirji, numfashi ya soma gagara. Nuhu ya kira Rahamatu a waya, suka nemi mota suka kai shi wani asibiti a Bodinga. Aka sa masa ruwa, aka ƙara masa jini, aka yi ta allurai. Ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba.

Da ya farfaɗo, likitar da ke duba shi, wata mata mai suna Bahijja, ta zo ta zauna a bakin gadon. Ta riga ta ga ƙafar. Sahun tsage ne a jere tun daga idon sawu har kusa da gwiwa, tsofaffi da sababbi, wasu sun yi ruwa.

"Malam Maniru, wa ke maka wannan?"

"Kawuna na, ranki ya daɗe. Wanzami na."

"Yaushe ya yi na ƙarshe?"

Ya faɗa mata. Ta tambayi lokacin da zazzaɓin ya fara, ya faɗa. Ta tambayi na karon baya, da wanda ya gabace shi. Yana ba ta amsa yana jin yadda abin ke jeruwa da kansa: tsaga, zazzaɓi, ciwon ƙashi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa a cikin jinin kowa akwai jajayen ƙwayoyi da ke kai wa jiki iska, akwai kuma farare, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta. Su fararen suna tafiya ne a kwance cikin jini, ba sa taɓa kowa, sai an ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga, sannan su tashi. Idan suka tashi sai jikinsu ya yi danƙo, su manne a bangon jijiyar jini ta ciki, wanda a lafiyarsa sumul yake da santsi. A nan suke fesa wani abu mai ƙuna da aka yi shi don kashe cuta, amma ba ya bambancewa. Yana ƙone bangon jijiyar ya yi kaushi, yana raunata jajayen ƙwayoyin da ke wucewa.

"A jikin mai lafiya, su yi aikinsu su kwanta," in ji ta. "Kai naka sun fi na mutane yawa, mun auna mun gani, kuma kullum a shirye suke kamar masu jiran faɗa. Ga jajayenka wasu sun lanƙwashe kamar lauje, ba sa wucewa da sauƙi. Fararen da suka manne sai su riƙa cafke su. Ɗaya ta tsaya, wata ta tsaya a kanta, hanya ta toshe. Inda jini bai kai ba, nan kake jin ciwon nan na ƙashi. Waɗanda suka fashe kuma, abin da ke cikinsu ya zube, ya ƙara tayar da wasu fararen."

Maniru ya san wannan a lambu. Kara ɗaya ne ke gittawa a hanyar ruwa, ciyawa ta taru a jikinsa, laka ta biyo, kafin ka ankara fangalin da ke gaba ya bushe.

"To baƙin jinin da ka hita hwa?" ya tambaya.

"Jininka ne, mai kyau, wanda ba ka da isasshe. Kowane jini idan ya fito ya tsaya zai yi baƙi. Idon sawu dama jini ba ya isarsa sosai. Kowace tsaga sabon kira ne ga fararen nan, su taru a wurin da ya fi ko'ina rauni." Ta ɗan yi murmushi. "Babana ma yana zuwa a yi masa ƙaho don ciwon baya, ban hana shi ba. Amma kai, aska kada ta ƙara shiga fatarka. Idan aka ci gaba, gyambon ba zai rufe ba, yana iya cin ƙashi, kuma ciwon da ya hau ƙirjinka yana iya dawowa. Wannan karon ka sha da ƙyar."

Ta rubuta masa wata ƙwaya da ake ba masu sikila kullum, wadda cikin aikinta har da rage yawan fararen ƙwayoyin, ta ce sai ya riƙa dawowa ana auna jininsa. Aka koya masa wanke gyambon da ruwan gishiri mai tsabta da ɗaure shi da bandeji. Aka ce ya riƙa ɗora ƙafar a kan wani abu idan yana zaune, ya bar shiga ruwan lambu, ya yawaita shan ruwa.

Duk waɗannan ba su dame shi ba. A mota, kan hanyar komawa gida, abu ɗaya yake juyawa a ransa. Hana Kawu taɓa ƙafar daidai yake da gaya masa cewa abin da ya yi ta yi shekara da shekaru, da hannunsa da ƙaunarsa, cutarwa ne. Kuma Kawu ne kaɗai ke zama.

Rahamatu ta ce, "Yaya, in ba ka iyawa, ni in hwaɗa mishi."

"Ke bari. Ba maganar mata ba ce."

"Maganar ƙahwa ce, kuma ɗaya gare ka mai kirki."

Nuhu ya yi dariya, shi bai yi ba.

Kwanakin farko Kawu ya zo sannu, ya zauna, ya yi hira, bai nemi ganin komai ba don ya ga farin bandeji na asibiti. Maniru ya yi ta ɗaga maganar yau zuwa gobe. Har wata la'asar Kawu ya ce a kwance ya gani. Ya duba, ya latsa gefen da ɗan yatsa, ya jawo zabira.

"Sun cika ka da jinin wasu, ga shi ya taru nan ya mace. Gyara zama."

Maniru ya janye ƙafar. Bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Kawu, likita ta ce a bari."

"A bar mi?"

"Tsagar. Da ƙahon. Ta ce shi ka tada ciwon."

Kawu ya tsaya da ƙaho a hannu. "Mi tac ce?"

Maniru ya yi ƙoƙarin maimaita abin da aka gaya masa, fararen da jajayen, da bangon jijiya. A bakinsa maganar ta fito a karkace, kamar tatsuniya. Kawu ya saurara har ƙarshe.

"Yaushe anka haihe ta, ita likitar?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ni nis san jinin ga tun kana goye. Da bayana nig goya ka. Uwarka ta binne ukku, kai kat tsaya. Wa at tsai da kai, hwararen ƙwayoyi?"

"Allah na, Kawu."

"Allah na, gaskiya." Sai muryarsa ta sauka. "Ashe ni ka kashe ka tun tuni ban sani ba."

"Ban ce haka ba."

"Ba ka ce ba."

Ya mayar da ƙahon, ya ɗaure bakin zabira a hankali, ya kai hannu ya gyara bandejin da ya kwance, ya ɗaure shi tsaf yadda ya same shi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Rabin goron da ya ɓare yana kan tabarma.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Ba fushi ya nuna ba. Idan ya haɗu da Nuhu yana tambayar mai jiki, da aka yi suna a gidan ya zo da asuba ya yi wa jariri aski ya tafi, ya yi wa Maniru sannu daga bakin ƙofa, a tsaye, kamar kowa.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Maniru. Nuhu ya karɓi ban ruwa. Shi kuwa yana zaune a ɗaki, ƙafa a kan turmin da aka kife, yana tsince albasar da aka kwaso, yana ware mai lafiya daga wadda ta fara ruɓa. Daga inda yake yana jin gari: kiran salla, injin niƙa, dariyar maza a ƙofar gida. La'asar ce ta fi wuya. Wani lokaci yakan ji takun mutum ya nufo zaure, ya gyara zama, sai ya ji ya wuce. Akwai ranakun da tun safe har ya kwanta bai furta komai ba sai salla da amsa sallamar mai kawo tuwo.

Ya sha yin tunanin ya aika a kira Kawu. Ya ce a ransa ko ɗan ƙaho ɗaya ne a gadon baya, nesa da ƙafar, don dai tsohon ya ji ana bukatarsa. Wata rana har ya kira Nuhu don ya aike shi. Da Nuhu ya leƙo, sai ya tuna nauyin da ya danne ƙirjinsa a Bodinga, ya ce masa ba komai, ya tambaye shi farashin taki.

Ƙafar kuwa ta soma sauyawa. Ruwan ya ragu, warin ya tafi. Wani jan nama mai kyau ya taso daga ƙasa, sabuwar fata ta riƙa shigowa daga gefe, siririya kamar ɓawon albasa. Ciwon ƙashi bai bar shi gaba ɗaya ba, yana zuwa idan sanyi ya yi yawa, amma ya yi nisa tsakani, kuma bai sake hawa ƙirji ba. Da ya koma awo, likita ta ce fararen sun sauka. Ya ji daɗi, ya dawo gida da labarin, ya rasa wanda zai zauna ya ba shi daga farko har ƙarshe.

Gashin kansa ya taru, don tun yana yaro mutum ɗaya ke masa aski, kuma a gida. Wata ranar kasuwa ya sa hula ya hau mota zuwa Shagari. Ya tarar da Kawu a gindin dogonyaro, mutum biyu suna jira a benci. Ya gaishe shi ya zauna a ƙarshe, ya jira layi ya zo kansa.

Kawu ya dube shi, ya dubi kan. "Wannan gona ta yi sabra, ciyawa ta cinye ta. Zauna."

Ya jiƙa gashin, ya murza sabulu. Ya ɗauko askarsa ta gado, ya juya ta a hannu, sai ya mayar da ita zabira. Ya ɓare sabuwar reza daga takarda.

"Kak ka motsa," in ji shi. "In niy yanke ka, likitarka ta kai ni gaban alƙali, ga ni da tsuhwa."

Na kan benci suka yi dariya. Wani ya ce, "Baba Tasi'u, yau kai ka tsoron jini?"

"Kai dai jira naka, mai kai awa goran nono."

Ya yi askin a hankali, fiye da yadda ya saba, tafin hannunsa na hagu a kan goshin Maniru, yana juya kan yadda yake so. Maniru ya rufe ido. Ya jima rabonsa da hannun mutum a jikinsa in ba na asibiti ba. Da aka zo ƙeya, Kawu ya sunkuyo, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ƙahwar hwa?"

"Tana ruhewa, Kawu. Saura kaɗan."

Rezar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

"Allah shi ruhe."

Ya goge masa kai da tsumma, ya kakkaɓe masa wuyan riga. Maniru ya miƙe, ya ɗan tsaya yana gyara hular da ba ta bukatar gyara, ko zai ji an ce sai na zo. Kawu ya riga ya yafito na gaba.

"Gai da gida, Mani."

Yanzu gyambon bai fi farcen babban yatsa ba. Maniru ya koma lambu, yana aikin da ba na ruwa ba, da takalmin roba har gwiwa. Kawu Tasi'u bai sake zama a ɗakinsa ba. Shi kuwa Maniru, duk ranar kasuwar Shagari yana cikin motar farko. Ya zauna a ƙarshen benci, ya bar waɗanda suka zo bayansa su riga shi, yana sauraron labarin da ake bayarwa. Idan layi ya ƙare sai ya cire hula. Sau da yawa gashin bai ko rufe fatar kai ba. Kawu yakan shafa ya ce babu abin askewa a nan, sannan ya jawo sabulu.